IDAN RAMI YA ƘARE, INA GARI ZAI NUFA?

Duk ɗalibin da ya taɓa ratsawa ta tashar jirgin ƙasa ta Gusau ya ga tsofaffin rumbunan kwano da layin dogon da ciyawa ta fara cinyewa. Da yawa daga cikinmu mukan wuce ba tare da mun waiwaya ba. Amma idan ka zauna da wani dattijon garin, zai gaya maka cewa a da, lokacin kaka, wurin nan ba ya shiguwa saboda buhunan gyaɗa da dilolin auduga da hayaniyar 'yan dako. To, ina wannan harka ta tafi? Kuma me ya sa aiki ya ragu amma mutane sai ƙaruwa suke yi?

Don mu sami amsa, za mu fara leƙa garuruwan da suka tashi da haƙar kwal, domin su suka fi kowa sanin ciwon dogara ga sana'a guda. Daga nan sai mu dawo gida, mu duba Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

MURHU MAI DUWATSU UKU

Kowa ya san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Gari ma haka yake. Duwatsun murhunsa uku ne: mutanen da ke cikinsa, ƙasar da suke zaune a kai, da kuma sana'ar da ke ci da su. Idan mutane suka yi yawa babu aikin yi, zaman banza da sata su yawaita. Idan masana'antu suka yi yawa ba a tsara musu wuri ba, su ɓata ruwa da iska, su cinye gonaki. Idan kuwa ƙasa ta lalace, mutane da sana'a duka sai su watse. Aikin masu tsara gari shi ne su ga cewa babu dutsen da ya ɗara ɗan'uwansa har tukunya ta karkace. Ku riƙe wannan misali, domin da shi za mu auna kowane gari da za mu ambata.

INUGU, GARIN DA KWAL YA HAIFA

Kwal wani baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, yana ci da wuta kamar gawayi, amma ya fi gawayi zafi da daɗewa. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi da ƙasa ta binne shekaru miliyoyi da suka wuce. Saboda haka abin da aka haƙe ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa kamar gero.

A 1909 Turawan mulki suka gano kwal a tsaunukan Udi, a gabashin ƙasar nan. Zuwa 1916 an shimfiɗa layin dogo daga can zuwa Fatakwal don a riƙa kai shi bakin teku. A gindin waɗannan tsaunuka garin Inugu ya tashi. Mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga ko'ina, har da 'yan Arewa masu fataucin shanu. Wani abin sha'awa ma shi ne, magajin garin Inugu na farko, cikin shekarun 1950, mutumin Lardin Sakkwato ne, Malam Umaru Altine.

Aikin ramin kwal ba wasa ba ne. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa ma'aikatan ramin Iva Valley wuta lokacin da suke yajin aiki, suka kashe mutum 21. Wannan kisa ya ƙara zafafa neman 'yancin kai a Nijeriya. A 1950 aka kafa hukumar kwal ta ƙasa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo kusan tan 900,000 a shekara.

Daga nan sai rana ta fara yi wa kwal yamma. Babban mai sayensa shi ne hukumar jiragen ƙasa, ita kuwa ta koma amfani da injuna masu shan man dizal. Aka sami man fetur a kudu. Madatsar ruwa ta Kainji ta fara ba da lantarki a 1968. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa aka bar ramuka, ruwa ya cika wasunsu. Bayan yaƙi an yi ƙoƙarin farfaɗo da aikin, amma bai koma kamar da ba, har ya tsaya a farkon shekarun 2000.

Duk da haka Inugu ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne tun kafin kwal ya faɗi ta riga ta sami wata madogara. Ita ce hedikwatar Jihar Gabas a zamanin jihohi uku, kuma ba ta daina zama mazaunin gwamnati ba har aka ƙirƙiro Jihar Inugu a 1991. Ofisoshi da makarantu da asibitoci da kasuwanni suka ɗauki mutanen da rami ya saki. Sai dai unguwannin ma'aikatan kwal sun daɗe cikin cunkoso da talauci, domin ɗan mai haƙa bai gaji komai ba sai ɗaki ɗaya da labarin aikin da ya wuce.

DARASI DAGA JAMUS

A ƙasar Jamus akwai wani yanki da ake kira Ruhr, wanda ya yi fiye da shekara ɗari yana ci da ƙasar da kwal da ƙarfe. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 kasuwar kwal ɗinsu ta fara faɗuwa, saboda man fetur da kwal ɗin waje sun fi araha. Ramuka suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har aka rufe na ƙarshe a garin Bottrop cikin Disamba, 2018. Wani gari a yankin, Gelsenkirchen, yana da mutane kusan 400,000 wajen 1960, amma ya dawo yana da wajen 260,000. Gidaje suka zama kango, shaguna suka rufe.

Abin lura shi ne yadda suka tari matsalar. Sun ja rufe ramukan a hankali cikin shekaru kusan sittin, don a sami lokacin koya wa ma'aikata wata sana'a ko a sallame su da fansho. Sun buɗe jami'a a Bochum a 1965, a yankin da a da ɗan lebura ba ya tsammanin wuce aikin ubansa. Sun share filayen tsofaffin masana'antu daga guba, suka mai da wasu wurin sababbin kamfanoni, wasu kuma lambunan shan iska. Ramin Zollverein da ke Essen, wanda aka rufe a 1986, ya zama gidan tarihi da baƙi ke zuwa kallo.

Amma akwai bashin da ba ya biyuwa. Saboda an rarake ƙarƙashin ƙasa, wurare da dama sun lotsa, har sai injuna sun riƙa zuƙe ruwa dare da rana, in ba haka ba unguwanni su nutse. Kwal ya ƙare, ɗawainiyarsa tana nan a wuyan jikoki. Wannan ya nuna mana cewa ƙasa ba ta mantuwa.

KWAL ƊIN GUSAU: GYAƊA DA AUDUGA

Wani zai ce, ina ruwan Bazamfare da wannan labari, tunda ba a haƙar kwal a Gusau? Ruwansa ne ƙwarai. Jirgin ƙasan da ya ɗaga Gusau, da kwal ɗin Inugu yake tafiya. Ban da wannan kuma, Gusau ta bi irin hanyar da garuruwan kwal suka bi, sai dai nata arzikin a bisa ƙasa yake tsirowa.

Malam Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi. Ta yi shekara ɗari tana garin manoma da malamai a bakin Gulbin Sakkwato. Abin da ya juya tarihinta shi ne layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Nan da nan garin ya zama matattarar amfanin gona na gabashin Lardin Sakkwato. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna. Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu suka zo aikin jirgi da ciniki da koyarwa, Sabon Gari ya cika, aka gina makarantu da majami'u da masallatai. Aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka sami kamfanin matsar mai, da masaƙar Zamfara cikin shekarun 1960, da kamfanin alewa.

A lura da yadda duwatsun murhu suka zauna daidai a wancan lokaci. Manomin Tsafe ko na Bunguɗu ko na Kwatarkwashi yana noma gero da dawa don ci, ya noma auduga da gyaɗa don kuɗi. Da kaka ya kai kasuwar awo. Audugar ta tafi injin gurza, zaren ya tafi masaƙa, angurya ta tafi wurin matsar mai, ƙuli da dusa su koma wa dabbobi, taki ya koma gona. Ɗan da gona ta yi wa kaɗan ya shigo birni ya sami aikin albashi. Ƙauye yana ci da birni, birni yana ci da ƙauye.

YADDA TUKUNYA TA KARKACE

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba. Farin 1973 ya gigita manoma da makiyaya. A 1975 wata cuta ta afka wa gyaɗa a duk Arewa, har dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur suka shigo, hankalin gwamnati da na samari ya bar gona. A 1986 aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Manomin auduga ya rasa tabbacin iri mai kyau da farashi. Ga rashin tsayayyen lantarki, ga yadudduka masu araha da ake shigowa da su ta kan iyaka. Jirgin ƙasa ya ja baya, manyan motoci suka karɓe dako. Masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa, ta Gusau ma ba ta tsira ba.

A nan ne labarinmu ya rabu da na Jamus. Can, da aiki ya ƙare, mutane raguwa suka yi. Nan kuwa ƙaruwa suka yi. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama hedikwata, kamar dai yadda Inugu ta sami rufin asiri. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kwangila da 'yan kasuwa suka dawo gida daga Sakkwato. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Gusau tana da mutane fiye da 380,000, Tsafe fiye da 260,000, Bunguɗu fiye da 250,000. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau. A shekarun da suka biyo baya kuma, rashin tsaro a karkara ya koro dubban mutane daga ƙauyukansu zuwa cikin gari, suka bar gonakinsu a baya.

Ɗaliban lissafi za su iya gwada wannan: al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka kanta cikin shekara 24. Wato kafin jaririn yau ya gama makaranta ya yi aure, ana bukatar ninkin gidaje da rijiyoyi da azuzuwa da wuraren aiki. Aikin ofis kuwa ba ya ninkuwa haka. Shi ya sa muke ganin mai takardar sakandare yana acaba ko sayar da katin waya.

ƘASA ITA KE BIYAN BASHI

Idan mutane suka ƙaru sana'a ta ragu, a kan ƙasa nauyin ke sauka. Ana ganin wannan ta hanya huɗu.

Na ɗaya, birni yana cin gonakin da ke kewaye da shi. Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Bunguɗu ko hanyar Tsafe zai ga gonakin jiya sun zama fulotai. Manomi ya sayar, ya karɓi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sayi babur, ya yi biki. Bayan shekara biyu babu kuɗin, babu gonar. Kuma gonakin bakin gari su ne mafi kyau, domin sun daɗe suna shan taki.

Na biyu, gado yana yanka gona. A ɗauki misali, mutum ya bar eka 12 ga 'ya'ya huɗu, kowa ya sami 3. Idan kowannensu ya bar wa huɗu, jika ba zai sami ko eka guda ba. Daga nan sai a fara shiga burtali da makiyaya da daji, abin da ke haddasa rigima tsakanin manomi da makiyayi.

Na uku, ana gini a hanyar ruwa. A ƙarshen Satumba, 2006, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle, aka yi asarar rayuka, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Fadama wurin rake ne da shinkafa da kayan lambu. Wanda ya kafa ɗaki a cikinta, ruwa zai zo neman hanyarsa ko ba daɗe ko ba jima.

Na huɗu shi ne mafi ban tausayi. Da noma ya kasa riƙe samari, da yawa suka koma haƙar zinariya. A 2010 aka gano cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Duwatsun da ake haƙowa suna ɗauke da dalma, ana kuma daka su ana niƙa su a cikin gida, inda yara ke rarrafe, inda ake shanya hatsi. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kuma kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilu, 2019, saboda tsaro, ta ɗage hanin a Disamba, 2024. Darasin a fili yake: sana'a mai guba ba ta kwana ɗaki ɗaya da iyali. Kuma zinariya 'yar'uwar kwal ce, ramin da aka kwashe ba ya sake cika.

ME ZA A YI?

Ba a rasa dabara ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙananan hukumomi, don amfanin jama'a. Ikon tsarawa yana nan, sai dai a yi aiki da shi bisa gaskiya, tare da sarakuna da masu unguwanni da su kansu manoma.

Da fari, a fara cika cikin gari kafin a faɗa wa gona. Filayen tsofaffin masana'antu da rumbunan tasha suna kusa da hanya da lantarki da ruwa. Ya fi sauƙi a mai da su wurin maƙera da kafintoci da masu walda da injunan niƙa, a kan a sare sabon daji.

Sa'an nan a shata wa fadama da burtali da hanyar ruwa iyaka, a kafa alama, kowa ya sani. Wurin wankin ma'adinai da jima da rini a fitar da shi nesa da gidaje da rijiyoyi, ta inda ruwansa ba zai gangara gulbi ba.

Haka kuma kada a sake ɗora gari a kan ƙafa ɗaya, ko ta masaƙa ce, ko ta albashin gwamnati, ko ta zinariya. Ƙananan masana'antu ɗari masu ɗaukar mutum goma goma sun fi guda ɗaya mai ɗaukar dubu, domin ba za su faɗi rana ɗaya ba. Abin da ƙasarmu ke bayarwa shi ya kamata a sarrafa a nan: gyaɗa ta zama mai, waken suya ya zama abincin kaji, shinkafa a casa ta, fata a jeme ta a ɗinka takalmi.

Kada kuma a tara komai a Gusau. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa da Zariya, Bunguɗu tana kan hanyar Sakkwato a bakin gulbi. Idan kowace ta sami lantarki da kasuwa mai kyau da makarantar koyon sana'a da asibiti, saurayi ba zai ga dalilin barin gida ya je ya kwana a shagon wani ba. Duk wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da zaman lafiya, domin manomin da ba ya iya zuwa gonarsa dole ya zama baƙo a birni. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki.

GA MASU FITA BANA

'Yan'uwa ɗalibai, musamman ku 'yan aji shida da ke shirin barinmu, wannan magana taku ce. A cikinku akwai waɗanda za su zama safiyo, da injiniyoyi, da malaman gona, da malaman asibiti, da kansiloli. Wata rana takardar fili za ta zo teburin ɗayanku tana jiran sa hannu, kuma filin a tsakiyar fadama yake. Wata rana za a yi wa ɗayanku tayin gonar gado da kuɗi mai tsoka. Ranar nan ku tuna da Inugu, ku tuna da injunan da ke zuƙar ruwa a Jamus, ku tuna da yaran Bagega.

Kafin lokacin, ga ɗan aikin hutu. Ka nemi wani tsoho a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi inda gari ya tsaya lokacin yana yaro, da sana'ar da ta ci da gidansu. Ka zana taswirar abin da ya faɗa, ka kwatanta da abin da idonka ke gani yau. Ka kawo wa malamin labarin ƙasa idan an dawo. Da haka ake fara koyon tsara gari, domin sai an san inda aka fito ake sanin inda aka dosa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.